Rakiyar Tulun Yuraniyom

Da sunan Allah nake buɗe wannan labari, Shi da Ya ɓoye a cikin ƙwayar zarra ƙarfin da duwatsu ba su da shi, kuma Ya ɗora wa ɗan Adam nauyin tsare abin da hannunsa ya tono. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa amintacce.

Dakta Uwaisu Jalo ba likitan marasa lafiya ba ne, ko da yake tsofaffin masallacinmu na unguwar Edmonton a Landan ba su taɓa fasa nuna masa gwiwoyinsu ba. Karatunsa na kimiyyar nukiliya ne, kuma yana aiki a wata hukuma ta gwamnati wadda ke sa ido kan sinadaran da za a iya ƙera makamin ƙare dangi da su: ina suke, wa ke tsaronsu, kuma yaya za a rabu da su lafiya.

A wata kwaleji da ke gabashin Landan akwai wani ƙaramin injin nukiliya na bincike da aka daɗe da kashewa. Ya bar ragowar yuraniyom tatacce, irin wanda in ya faɗa hannun miyagu sai dai a nemi tsarin Allah. Gwamnati ta yanke shawarar a tattara duk irin wannan ragowa a ma'aji guda, can arewa maso yamma, inda daga baya za a sirka shi da wanda ba a tace ba har ya daina amfanar mai mugun nufi. An zuba na kwalejin a cikin wani tulun ƙarfe mai nauyin gaske, aka ce Uwaisu ne zai zama idon hukuma: ya ga an buga hatimi, ya bi ayari, ya ga an karɓa. Wannan ne karo na farko da aka ɗora shi a kan irin wannan aiki. Shugabar sashensu ta gaya masa dalla-dalla cewa kada wani mahaluki ya san rana ko hanya. Idan zancen ya fita ta bakinsa, za a janye yardar da gwamnati ta yi masa ta shiga irin waɗannan wurare, kuma wanda aka janye wa wannan yarda ba shi da sauran kujera a hukumar.

To, a gidan Uwaisu akwai Malam Baha'uddeen, yayan mahaifiyarsa, wanda ya raine shi a Gombe tun yana ƙarami. Ya zo Landan neman maganin ido, idon ya warke, jama'a kuma suka ƙi barinsa ya koma saboda karatun da yake ba su. Tun da Uwaisu ya yi wayo bai taɓa yin tafiya ba tare da ya durƙusa gaban kawunsa ya yi sallama ba. Saboda haka ranar Litinin bayan la'asar ya durƙusa.

"Kawu, zan yi 'yar tafiya ta aiki. A sa ni a addu'a."

"Masha Allah. Ina za a?"

"Aiki ne dai kawai, Kawu."

Malam Baha'uddeen ba mai bin diddigin mutane ba ne, bai sake tambayar gari ba. Amma masanin fiƙihu ne, kuma matafiyi yana da hukunce-hukunce da ba a wasa da su.

"Tafiyar ta kai ta ƙasaru, ko za ka cika sallolinka?"

Uwaisu ya auna a ransa, ya ga wannan tambaya ce ta addini, ba ta aiki ba. Ya ce, "Ta kai, Kawu. Ta ma wuce."

"Ta ruwa ce ko ta tudu? Domin addu'ar hawa ta bambanta."

"Ta tudu ce."

"Nafila fa? Abin hawan yana da faɗin da mutum zai juya ya fuskanci alƙibla, ko kuwa sai dai ka yi ta inda ya dosa?"

"Ƙaramar mota ce tawa. Babbar tana gaba, kuma ba a shiga cikinta."

"Au, akwai babba. Cike take ke nan."

"Kaya ɗaya ne a ciki."

"Kaya ɗaya a babbar mota! Allah Ya shiryi gwamnati, almubazzaranci ba shi da kyau. To alƙiblar, a gabanka za ta kasance ko a bayanka?"

Uwaisu ya lumshe ido ya kwatanta. "A bayana."

"Kada dai ka ce mini ranar Juma'a za ka fita ka bar salla."

"A'a, Kawu, Alhamis ce, bayan asuba."

"Alhamdu lillahi. Babu ranar da ta fi ta dacewa da tafiya, kuma sammako akwai albarka a cikinsa. Allah Ya kiyaye hanya, Ya naɗe maka nisanta."

Uwaisu ya miƙe yana jin daɗi, domin bai ambaci sunan gari ba, bai kuma ambaci kaya ba.

Washegari bayan azahar, a masallacin da ke saman shagon burodin wani Baturke, Malam Baha'uddeen ya roƙi jama'a su taya shi addu'a. Ya kiyaye sirri iyakar saninsa, domin bai kama suna ba. Cewa ya yi wani bawan Allah daga cikinmu, dakta ne amma ba ya duba marasa lafiya. Kuma da yake Malam yana ganin addu'a ta fi kyau idan aka fayyace buƙata, sai ya roƙi Allah Ya tsare wannan bawa da zai fita ranar Alhamis bayan asuba, alƙibla a bayansa, da babbar mota wadda babu kome a cikinta sai kaya ɗaya. Jama'a suka ce amin da ƙarfi.

Ba a gama shafawa ba Alhaji Mashud ya juyo. Shi mutumin Zangon Kumasi ne, ya tsufa yana tuƙa motar haya ta minicab a Landan, kuma shi ke riƙe da makullin bas ɗin masallaci.

"Alƙibla a baya? Ai Manchester ke nan, wallahi," in ji shi.

Daga bayan labule muryar Hajiya Luba ta fito, wadda 'yarta Zarah ta haihu a Manchester ba da daɗewa ba. "Babbar mota babu kome a ciki kuka ce?"

Duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da ya biyo baya. Mutum ba ya tafiya garin da ake da dangi ya tafi hannu biyu. Ranar Laraba da yamma Uwaisu ya dawo daga ofis ya tarar ba ya iya buɗe ƙofar flat ɗinsa sosai. Akwai buhun garin masara, da ƙullin kuka, da kilishi, da keken ɗinki, da katifa naɗe da igiya. A kan kujerarsa Hajiya Luba ke zaune, ƙafarta ɗaya a kan wani bokiti mai murfi.

"Dakta, sannu da aiki. Daddawa ce, da yajin jego, da 'yar kanwa ta kunu. Ka ce wa Zarah ta riƙa sha da zafi."

"Hajiya, da wuya fa..."

"Wuyar me? Ai ba a kanka za ka ɗauka ba."

"Wato motar ta gwamnati ce."

"To gwamnatin ba mu muke biyanta harajin council tax ba? Kai dai kunya ta yi maka yawa tun kana saurayi."

Uwaisu ya dubi matarsa Basma, ita kuma ta dubi rufin ɗaki. Ya buɗe baki zai ce ba zai yiwu ba, ya ga furfurar da ke kewaye da shi, sai abin da ya fito shi ne, "Bari mu gani, Hajiya." A kunnen Hajiya Luba wannan alkawari ne cikakke.

Da kayan suka ƙi shiga ɗaki, Alhaji Mashud ya ce a zuba su a bas ɗin masallaci su kwana a can. Uwaisu ya yi ajiyar zuciya. Ya ƙudura a ransa zai sulale da safe, in ya dawo ya aika da kayan ta wata hanya, ya ba kowa haƙuri.

Ranar Alhamis bayan asuba ya yi wa kawunsa sallama a ƙofar masallaci, ya taka da sauri zuwa kwanar titi inda motar ofis ke jiransa. Bai waiwaya ba. Da ya waiwaya da ya ga Malam Baha'uddeen yana shiga bas, da Hajiya Luba, da wasu dattawa masu saƙo, an ɗaure katifa a sama.

"Yaron nan nauyinmu ne ya hana shi cewa mu kai masa kayan inda babbar motar take," in ji Malam. "Mu bi shi mu miƙa, sannan mu yi masa rakiya har ƙarshen gine-ginen gari, inda ƙasaru ke farawa. Daga nan mu juyo."

Alhaji Mashud bai taɓa ɓatar da motar da ya sa wa ido ba. Ya bi su har ƙofar kwalejin, motar Uwaisu ta shige, aka rufe. Suka tsaya a tsallaken titi suna cin dabino. Da hantsi ya ɗaga ƙofa ta buɗe. Motocin 'yan sanda suka fito, sai babbar mota shuɗiya, sai motar Uwaisu, sai wasu 'yan sandan a baya.

"Allahu akbar!" in ji Hajiya Luba. "Ashe haka yaron nan ya zama? Har da 'yan sanda ke masa rakiya, amma yana hawa bas da mu kamar ba kowa ba!"

"Ba su tsaya ba fa," in ji wani dattijo. "Kayan fa?"

"Za su tsaya shan mai," in ji Alhaji Mashud, ya saka giya.

Shugabar masu tsaron ayarin wata mace ce, Sufeto Nusrat, wadda ba ta da yawan magana. Tun daga ƙofar kwaleji ta lura da farar bas mai katifa a ka. Ta bari aka hau babban titin North Circular, bas na nan. Domin ta tabbatar, ta ba da umarni ayari ya zagaya wani shataletale sau biyu. Bas ma ta zagaya sau biyu.

"Kai, Mashud, jiri nake ji!" in ji Hajiya Luba.

"Ba laifina ba ne, Hajiya. Direbansu sabo ne, ya ɓata. Bari in nuna masa hanya." Ya shiga danna oda yana kunna fitila, ya fito da hannu ta taga yana nuna hagu.

Malam Baha'uddeen kuwa yana ta leƙen inda gine-gine za su ƙare. Gida na bin gida, shago na bin shago. "Wannan gari ba shi da baki ne?" in ji shi. "Ci gaba, Alhaji. Ba a yanke rakiya a tsakiyar gari."

A nan Sufeto Nusrat ta karkatar da ayari cikin wani fili mai shinge a gefen hanya. Alhaji Mashud ya ce, "Na gaya muku za su tsaya," ya bi su ciki. Kafin ya ja birki motoci sun tare shi gaba da baya, mutane masu baƙaƙen kaya da bindigogi sun kewaye bas suna ihu da Turanci a ɗaga hannu. Kowa ya ɗaga. Malam Baha'uddeen ya duba ya ga hannuwa duk a sama, ya ga bai kamata irin wannan dama ta wuce a banza ba, sai ya fara addu'ar neman tsari. Dattawa suna amsawa da amin, 'yan sanda suna duban juna.

Uwaisu yana zaune a motarsa, an hana shi fita, bai san abin da ake ciki ba. Can sai ga Sufeto Nusrat ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Dakta Jalo," ta ce da Turanci, "akwai wani dattijo a can yana kiran sunanka. Ya ce sun kawo katifa."

Uwaisu ya fito. Ya tarar an jera dattawa a jikin bas, an sauke kaya ƙasa. Wani ɗan sanda yana yawo da na'ura a kan buhun masara, na'urar ba ta ce kome ba. An kawo kare mai shinshina, Alhaji Mashud yana ta tattare bakin rigarsa.

"Saki rigarka, Alhaji," in ji Malam. "A mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne."

"Malam, ba najasar nake tsoro ba, haƙoran nake tsoro!"

Karen ya tura hanci cikin ƙullin yajin jego. Ya ja da baya, ya yi atishawa, ya sake yi, ya zauna a ƙasa hawaye na zuba, ya ƙi sake tashi ko da mai shi ya lallashe shi. Wani ɗan sandan kuma ya ɗaga murfin bokitin daddawa, ya mayar da sauri, ya yi baya yana kiran a kawo abin rufe fuska.

"Ji ɗan banza!" in ji Hajiya Luba. "Daddawar Funtuwa ce fa, ba irin ta kasuwar Deptford ba! Dakta, gaya masa ya rufe da kyau kada iska ta shiga."

Sufeto Nusrat ta ja Uwaisu gefe. "Yaya aka yi suka san rana?"

Yana iya cewa bai sani ba, kuma da wuya a kama shi a nan take. Amma ya tuna tambayoyin ranar Litinin ɗaya bayan ɗaya, ya ga yadda suka haɗu suka zama taswira. Ya ce, "Daga bakina ne. Ban faɗi gari ba, ban faɗi kaya ba. Amma na faɗi rana, da lokaci, da inda alƙibla take."

"Su wa suka sani ban da waɗannan?"

"Masallaci duka. Amma su a zatonsu Manchester zan kai kayan ofis."

Ta dubi katifar. Sannan ta ce, "Nawa dangin jakunkunan saƙo kawai suke ɗora wa mutum, ba su taɓa bin sa da bas ba. Saurara. Komawa da tulun nan kwaleji bai fi ci gaba aminci ba. Zan sauya hanya. Amma waɗannan sun ga ayari, sun ga yawanmu, kuma kowannensu yana da waya. Ba zan sake su ba sai kaya ya shiga ma'aji. Ko dai a soke tafiyar a koma, ko su biyo mu a tsakiyarmu har can. Kai ne idon hukuma, sai da yardarka."

"Mu ci gaba," in ji Uwaisu. "Da mun isa ni da kaina zan kira shugabata in gaya mata abin da na yi."

Ya je ya durƙusa gaban kawunsa a kan kwalta, a gaban 'yan sanda.

"Kawu, abin da ke cikin motar can, in ya faɗa hannun miyagu ana iya halaka gari da shi. An damƙa mini shi amana, aka ce kada kowa ya san rana ko hanya. Yanzu an sani. Mai yiwuwa aikina ya ƙare yau."

Fuskar Malam Baha'uddeen ta sauya. "Amana ka ce?"

"Amana ce, Kawu."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kalma ɗaya ce fa, Uwaisu. Da ka faɗe ta ranar Litinin, da ko tambayar ƙasaru ban yi maka ba, sai in karanta maka hukuncin kowace fuska ka zaɓi naka a zuci. Me ya hana ka?"

"Na ji nauyin in ce maka ba zan faɗa ba."

"Ka ji nauyina, ka sauke nauyin da Allah zai tambaye ka? Tashi. Yanzu amanar ta hau wuyanmu mu ma, kuma za ka ga yadda ake riƙe ta."

Kafin 'yan sanda su nemi wayoyi, Malam ya cire hularsa ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya yana tara wayoyinsu a ciki. Hajiya Luba ta jefa tata. Malam bai janye hular ba. Ta yi tsaki ta fito da ta biyu daga cikin jaka. Ya miƙa wa Sufeto Nusrat hular, ya sa Uwaisu ya fassara mata cewa daga yau har ranar da za a tashe su a alƙiyama, babu wanda zai ji wannan zance daga bakinsu.

Aka mayar da kaya, aka sa wani ɗan sanda ya zauna kusa da direba, bas ta shiga tsakiyar ayari. Malam ya ce abin da ido bai gani ba baki ba ya iya faɗa, saboda haka ya warware rawaninsa aka rufe tagogin hagu, aka rufe na dama da mayafin Hajiya da daddumai.

"Kai kuma, Alhaji, ka dubi bayan motar da ke gabanka gwargwadon lalura. Kada ka karanta allon hanya ko ɗaya."

"Malam, ni fa ko idona a rufe na san inda muke. Wannan ai hanyar..."

"Alhaji!"

"Na yi shiru."

Haka aka yi tafiyar a cikin duhun bas da rana tsaka, warin daddawa yana kewayawa. Ɗan sandan da aka haɗa su da shi ya karɓi kilishi don kada ya ɓata wa Hajiya rai, ya ci, ya yi kuka, ya sake miƙa hannu. Da aka tsaya a wani wuri mai gadi suka yi sallarsu ƙasaru, kowa idonsa a kan inda zai sa goshi. Can da aka yi nisa Hajiya Luba ta dafa ƙirji.

"Jikina ya ba ni mun wuce Zarah. Mashud, mun wuce ko?"

Alhaji Mashud ya dubi Malam ta madubi, ya haɗiye yawu. Tun da aka san shi a Edmonton ba a taɓa yi masa tambaya kan hanya ya yi shiru ba sai ran nan.

Da la'asar ta yi sanyi aka isa. An ajiye bas a wajen shinge, Malam ya sa kowa ya zauna ya juya wa ma'ajin baya. Uwaisu ya shiga, ya duba hatimin tulu ya same shi yadda aka buga shi, ya tsaya har aka saukar da shi inda zai zauna, aka rufe. Sannan ya nemi waya ya kira shugabarsa, ya faɗa mata kome. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ya miƙa katinsa na shiga in ya dawo, ya zauna a gida har kwamiti ya bincika. A hanyar komawa an bi ta Manchester an sauke saƙo. Zarah ta tambayi mahaifiyarta dalilin da ya sa suka ɓullo ta arewa, Hajiya ta ce a miƙo mata jariri.

Abin da kwamitin ke son sani shi ne iyakar inda zancen ya kai, kuma ko Uwaisu ya ambaci kayan ko ma'ajin. Suka aiko masu bincike biyu da tafinta. Malam Baha'uddeen ya karɓe su da shayi da dabino.

"Malam, ranar Alhamis ɗin nan ina kake?"

"A ƙarƙashin ikon Allah."

"Ka shiga bas ɗin masallaci?"

"Ku sha shayin kada ya huce."

Babban cikinsu ya yi bayani cikin ladabi cewa su ne gwamnati, sirrin nasu ne, ba laifi a gaya musu. Malam ya ce shi bai ga alamar gwamnati a goshin kowa ba, kuma in da shi mugu ne mai neman labari, da irin wannan kwat ɗin zai sa ya zo, da irin wannan maganar. Uwaisu, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya matso kusa da kawunsa.

"Kawu, don Allah ka gaya musu. Shaidarka ce za ta cece ni."

"Na yi alkawari har ranar tashi, ban ce har ranar da aikinka zai shiga haɗari ba. Arziki na Allah ne."

Suka je wurin Hajiya Luba. Malam ya riga ya gargaɗe su duka cewa ƙarya ma haramun ce, saboda haka ba ta musa kome ba. Duk tambayar da aka yi mata sai ta mayar da gaisuwa. Ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyi, yaya aka ji da hawa bene, ina wajen su Mama. Tafinta ya fassara har muryarsa ta dushe. Alhaji Mashud kuwa da ya gan su sai ya toshe bakinsa da hannu biyu, idanunsa suka yi ja, har ɗaya daga cikinsu ya tambaya ko a kira motar asibiti. Suka zauna a shagon burodin da ke ƙasan masallaci suna sauraren masu fitowa daga salla, ba su ji kome ba sai ƙorafin cewa waɗanda suka je rakiya sun dawo da girman kai, ba su ba kowa labari.

Bayan wasu makonni shugabar ta kira Uwaisu ofis. Ta ce laifi laifi ne, kuma an rubuta masa gargaɗi mai tsanani. Zai koma horo, kuma zai daɗe bai sake bin ayari ba. Amma kwamiti ya duba cewa shi ya kai ƙarar kansa tun ba a tambaye shi ba, kuma masu binciken sun ce tun da suke aiki ba su taɓa ganin zancen da ya fita ya koma ya rufe kansa haka ba. Ta tura masa katinsa a kan tebur.

Ya dawo Edmonton kafin magariba, ya tarar da kawunsa a kan buzu yana jan carbi. Ya durƙusa a gabansa.

"Kawu, alhamdu lillahi. An bar ni a aikina."

Malam Baha'uddeen ya dubi ƙofa, ya dubi taga, sannan ya dube shi.

"Wane aiki?" in ji shi, ya ci gaba da jan carbinsa.

Allah Ya sa mu cikin masu riƙon abin da aka damƙa musu, Ya kuma tsare bayinsa daga sharrin abin da hannuwansu suka ƙera.